Madadin ƙwai daga tsirrai

Madadin ƙwai daga tsirrai abinci ne ko haɗi da ake yi da wake, sitaci, 'ya'yan itatuwa ko man tsirrai domin ya yi aikin da ƙwan kaza yake yi a girki. Wani ana haɗa shi a gida da kayan da ke kicin, wani kuma kamfanoni ne ke sarrafa shi su sayar a matsayin gari ko ruwa a cikin kwalba. Masu amfani da shi sun haɗa da mutanen da jikinsu ba ya karɓar ƙwai, da mabiya addinan da ke ƙaurace masa, da masu bin tsarin cin abinci na bigan, wato waɗanda ba sa cin nama, madara, ƙwai ko wani abu da ya fito daga dabba. Kamfanonin biredi da kek su ma kan koma gare shi idan ƙwai ya yi tsada ko ya yi ƙaranci.

Babu wani tsiro guda da ke iya yin dukan ayyukan ƙwai, shi ya sa madadin ya kasu iri-iri gwargwadon abin da za a girka. Karɓuwarsa a wajen jama'a ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma bincike ya nuna cewa ɗanɗano, farashi da sunan da aka rubuta a jikin kaya sun fi tasiri a kan mai saye fiye da hujjojin kare dabbobi ko muhalli.

Ayyukan ƙwai a girki

Ƙwai yana da sassa biyu masu aiki daban. Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sauran kuma furotin, wanda fiye da rabinsa nau'in da ake kira obalbumin ne. Idan aka kaɗa farin ƙwai, furotin ɗin yana warwarewa ya kewaye ƙananan kumfar iska ya riƙe su, abin da ke sa kek ya tashi ya yi laushi. Gwaiduwa kuwa tana ɗauke da mai da sinadarin lesitin, wanda ke haɗa mai da ruwa su zauna tare ba tare da sun rabu ba. Da wannan ne ake yin mayonis, wanda a Najeriya aka fi sani da bama.

Aiki na uku shi ne daskarewa. Farin ƙwai yana fara kamewa idan zafi ya kai kimanin digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, gwaiduwa kuma tsakanin 65 da 70. Wannan ne ke mayar da ɗanyen ƙwai ya zama wainar ƙwai, kuma shi ke riƙe ƙullu kada ya wargaje. Ƙwai yana kuma ba da danshi, launi da ƙamshi. Samun abin da zai yi aiki ɗaya daga cikin waɗannan ba shi da wuya. Abin da ya daɗe yana ba masu bincike wahala shi ne samun ruwan tsiro da za a zuba a kasko ya daskare da laushi irin na soyayyen ƙwai.

Tarihi

Neman madadin ƙwai ya girmi harkar bigan da ɗaruruwan shekaru, kuma asalinsa yana da alaƙa da azumin addini. A Turai ta tsakiyar zamani coci ta hana cin ƙwai a azumin Lent da ake yi kafin bikin Ista. Wani littafin girki na Ingila daga ƙarni na 15 ya bayyana yadda ake fitar da abin da ke cikin ƙwai, a cika ɓawon da madarar almon mai kauri, a rina tsakiyar da za'afaran domin ta yi kama da gwaiduwa. A Habasha, inda mabiya cocin Otodoks ke ƙaurace wa kayan dabba a ranakun Laraba da Juma'a da kuma dogon azumi na kwana 55, akwai abincin da ake kira buticha, wanda ake yi da garin waken cikfi kuma kamanninsa na dagargajajjen ƙwai ne.

A shekarar 1837 wani masanin haɗa magunguna a birnin Birmingham na Ingila mai suna Alfred Bird ya haɗa garin kastad da sitacin masara ba tare da ƙwai ba, saboda jikin matarsa ba ya karɓar ƙwai. Kastad na asali da ƙwai da madara ake yin sa. Garin Bird ya bazu a ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulki, har ya zama yawancin masu shan kastad a yau, ciki har da na Najeriya da Gana, ba sa kallon sa a matsayin madadin wani abu.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu da karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 sun tilasta wa iyalai a Amurka da Birtaniya koyon yin kek ba ƙwai, ba madara, ba bota. Ana haɗa khal da bekin soda, su fitar da iskar da za ta tayar da ƙullun. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rabon babban mutum a Birtaniya kimanin ƙwai ɗaya ne a mako. A cikin wannan yanayi ne, a watan Nuwamba na 1944, Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar Vegan Society a Ingila, suka kuma ƙirƙiri kalmar bigan.

Sabon babi ya buɗe a 2011, lokacin da Josh Tetrick da Josh Balk suka kafa kamfanin Hampton Creek a jihar Kalifoniya, wanda daga baya ya koma Eat Just. Kamfanin ya fitar da mayonis marar ƙwai mai suna Just Mayo a 2013, sannan ya fara gabatar da ruwan ƙwai na tsiro mai suna Just Egg a ƙarshen 2017. A ƙarshen 2014 wani mawaƙi ɗan Faransa, Joël Roessel, ya gano cewa ruwan da ke cikin gwangwanin wake yana yin kumfa idan aka kaɗa shi. A 2015 wani injiniyan kwamfuta a Amurka, Goose Wohlt, ya nuna cewa ruwan waken cikfi da sukari kaɗai sun isa su maye gurbin farin ƙwai a kayan zaƙi, ya kuma raɗa masa suna akwafaba, daga kalmomin Latin biyu masu nufin ruwa da wake.

Ire-irensa

Madadin da ake haɗawa a gida ya dogara ne ga aikin da ake so. Domin riƙe ƙullu, ana jiƙa cokali ɗaya na niƙaƙƙun 'ya'yan flaks ko ciya a cikin cokali uku na ruwa har su yi yauƙi, wanda ke tsayawa a matsayin ƙwai ɗaya. Domin danshi a kek, ana amfani da rubu'in kofi na dakakkiyar ayaba ko dafaffiyar tufa. Domin kumfa, cokali uku na akwafaba suna daidai da ƙwai guda, cokali biyu kuma daidai da farin ƙwai ɗaya. Domin abin da za a ci kamar soyayyen ƙwai, ana dagargaza awara a soya ta da albasa da kurkum, ko a dama garin waken cikfi a soya shi kamar waina, yadda ake yi a Indiya. Masu girki kan barbaɗa wani baƙin gishiri na Kudancin Asiya da ake kira kala namak, wanda ke ɗauke da sinadaran farar wuta masu ba da ƙamshin dafaffen ƙwai.

Na kamfani ya kasu gida biyu. Akwai gari na yin kek da biskit, irin na kamfanin Ener-G na Amurka, wanda ake yi da sitacin dankalin Turawa da na rogo da sinadaran tayar da ƙullu. Irin wannan ba a soya shi a ci shi kaɗai. Akwai kuma wanda aka yi domin kasko. Just Egg ana yin sa ne da furotin ɗin waken mung, wani ƙaramin koren wake da aka daɗe ana nomawa a Asiya, tare da man kanola da launi daga kurkum da karas. An zaɓi wannan wake ne saboda furotin ɗinsa yana daskarewa idan ya ji wuta. Kamfanin Follow Your Heart ya fitar da VeganEgg a 2015, wanda da farko aka yi da garin gansakuka. Kamfanin Kewpie na Japan, wanda ya shahara da mayonis na ƙwai, ya fitar da Hobotama daga waken soya a 2021. Tarayyar Turai ta amince da furotin ɗin waken mung a matsayin sabon abinci a 2022, bayan hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta tabbatar da rashin illarsa a 2021.

Akwai kuma wani rukuni na dabam da ake yawan haɗawa da waɗannan. Kamfanoni irin su The EVERY Company a Amurka da Onego Bio a Finlan suna amfani da yis ko wasu ƙananan halittu da aka sauya wa ƙwayoyin gado su samar da furotin ɗin farin ƙwai ba tare da kaza ba. Tun da furotin ɗin iri ɗaya ne da na ƙwai, bai dace da wanda ke da alajin ƙwai ba.

Gina jiki

Babban ƙwai mai nauyin giram 50 yana ba da kimanin kalori 72, giram 6 na furotin, giram 5 na mai da miligiram 186 na kolesterol. Yana kuma ɗauke da bitamin A, D da B12 da sinadarin kolin, wanda ke da muhimmanci ga haɓakar ƙwaƙwalwar jariri. Cokali uku na Just Egg suna ba da kalori 70 da giram 5 na furotin, babu kolesterol, amma gishirinsu ya fi na ƙwai yawa. Madadin da aka yi da sitaci, ayaba ko akwafaba kuwa furotin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka yana maye gurbin ƙwai a tukunya amma ba ya maye gurbinsa a jiki. Bitamin B12 ba ya samuwa a tsirrai sai an ƙara shi, dalilin da ya sa masana abinci ke shawartar 'yan bigan su riƙa shan ƙarinsa.

Hujjar kolesterol ta ragu ƙarfi a 'yan shekarun nan. A 2015 ƙa'idojin cin abinci na gwamnatin Amurka sun janye iyakar miligiram 300 a rana da aka daɗe ana bi. Ga masu alaji kuwa amfanin madadi a fili yake, domin ƙwai na cikin manyan abincin da ke tayar wa ƙananan yara alaji, bayan madarar shanu. Sai dai waken soya ma yana tayar wa wasu.

Dalilan komawa gare shi

Bayan lafiya da addini, dalilin da aka fi ambata shi ne yadda ake kiwon kaji a manyan gonaki. Ana tsare kajin ƙwai da yawa a ƙananan keji, kuma ana kashe biliyoyin 'yan tsaki maza kowace shekara da zarar an ƙyanƙyashe su, saboda ba sa yin ƙwai kuma ba sa saurin yin nama. Tarayyar Turai ta haramta tsohon salon keji daga 2012, Jamus kuma ta haramta kashe 'yan tsaki maza daga farkon 2022.

Dalili na biyu shi ne muhalli. Binciken Joseph Poore da Thomas Nemecek da mujallar Science ta buga a 2018 ya nuna cewa samar da kilo ɗaya na ƙwai yana fitar da kimanin kilo 4.7 na iskar da ke ɗumama duniya, awara kimanin kilo 3, wasu nau'o'in wake kuma kusan kilo 1. Naman shanun da ake kiwo domin yanka ya kusa kilo 100. Ke nan ribar barin ƙwai ga muhalli ta gaskiya ce, amma ba ta kusa da ta rage naman shanu ba.

Dalili na uku shi ne farashi. Murar tsuntsaye da ta ɓarke a Amurka daga Fabrairun 2022 ta jawo asarar kaji da sauran tsuntsayen kiwo sama da miliyan 100. Matsakaicin farashin ƙwai dozin ɗaya ya kai dala 4.82 a Janairun 2023, sannan dala 6.23 a Maris ɗin 2025. A irin waɗannan lokuta ne masu gidajen biredi da talakawan masu saye suka fi gwada madadi.

Rikicin suna

Dokar Amurka ta ce ba a kiran abu mayonis sai yana da gwaiduwar ƙwai da aƙalla kashi 65 cikin 100 na man tsirrai. A kan haka ne kamfanin Unilever, mai yin mayonis na Hellmann's, ya kai Hampton Creek kotu a 2014, yana cewa sunan Just Mayo da hoton ƙwai da ke jikin kwalbar suna yaudarar masu saye. Ƙarar ta jawo wa Unilever suka daga jama'a, ya janye ta a watan Disamba na shekarar. A Agustan 2015 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa Hampton Creek takardar gargaɗi, daga baya aka daidaita cewa zai riƙe sunan amma ya bayyana ƙarara cewa babu ƙwai a ciki. A 2016 Unilever da kansa ya fitar da nasa marar ƙwai.

A 2015 kuma aka fallasa wasiƙun cikin gida na American Egg Board, hukumar tallata ƙwai da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikatar noma ta Amurka. Wasiƙun sun nuna cewa jami'anta sun ɗauki Just Mayo a matsayin barazana, sun kuma nemi hanyoyin daƙile shi, alhali aikin hukumar tallata ƙwai ne kawai. Shugabar hukumar, Joanne Ivy, ta yi ritaya kafin lokacin da aka tsara.

A Turai, kotun Tarayyar ta yanke hukunci a 2017 cewa kalmomi irin su madara, bota da cuku na kayan dabba ne kaɗai. Manoma na cewa irin waɗannan dokoki suna kare mai saye daga ruɗu. Masu yin kayan tsirrai kuma na cewa sunan yana nuna wa mutum yadda zai yi amfani da abin ne, kuma ba wanda ke zaton madarar kwakwa daga saniya ta fito.

Ra'ayoyin jama'a

'Yan bigan ba su da yawa. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 2023 ta nuna cewa kashi 1 cikin 100 na Amurkawa ne ke kiran kansu bigan, kashi 4 kuma ba sa cin nama. Saboda haka kasuwar madadi ta dogara ne ga masu cin komai waɗanda ke son ragewa. Duk da talla da jarin da aka zuba, kuɗin da ake kashewa kan ƙwan tsiro a shagunan Amurka bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake kashewa kan ƙwai ba. Abubuwan da masu saye suka fi kuka da su su ne tsada da bambancin ɗanɗano.

Masana halayyar ɗan'adam sun yi nazarin dalilan wannan ɗari-ɗari. Patricia Pliner da Karen Hobden sun fitar da ma'aunin tsoron sabon abinci a 1992, wanda har yanzu ake amfani da shi. A 2015 Jared Piazza da abokan aikinsa sun nuna cewa yawancin hujjojin da mutane ke bayarwa na cin nama suna komawa ga abu huɗu: ɗabi'a ce, al'ada ce, larura ce, kuma akwai daɗi. Binciken Cara MacInnis da Gordon Hodson na 2017 ya gano cewa masu cin nama da yawa suna yi wa 'yan bigan mummunan kallo, musamman waɗanda suka bar nama saboda tausayin dabbobi.

Wannan kallo yana bin abincin da kansa. A wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka bayyana a 2023, an ba mutane zaɓi tsakanin kwandon kyauta mai nama da madara da wanda babu su. Da aka rubuta bigan a jikin na biyun, kashi 20 cikin 100 ne suka zaɓe shi. Da aka rubuta cewa mai ƙara lafiya ne kuma mai kare muhalli, sai adadin ya kai kashi 44, alhali kayan ciki ba su canza ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke guje wa kalmar a gaban kwali.

Wata suka kuma ta fito daga masu kula da lafiya, waɗanda ke sanya ƙwan tsiro na kwalba cikin abincin da aka sarrafa fiye da kima, bisa tsarin NOVA da Carlos Monteiro na Burazil ya gabatar a 2009. Suna nuni da doguwar jerin sinadaran da ke jikin kwalba, idan aka kwatanta da ƙwai wanda abu ɗaya ne.

A Indiya lamarin ya juya. Miliyoyin Hindu da mabiya addinin Jain suna shan madara amma ba sa cin ƙwai, don haka kek marar ƙwai abu ne na yau da kullum a gidajen biredi. Doka ta tilasta a sa koriyar alama a kan abincin da babu nama ko ƙwai, mai ruwan ƙasa kuma a kan wanda ke da su. A can muhawarar ita ce ko za a ba yara ƙwai a abincin gwamnati. A 2015 babban ministan jihar Madhya Pradesh, Shivraj Singh Chouhan, ya ƙi amincewa a sa ƙwai a cibiyoyin ciyar da ƙananan yara, abin da masu fafutukar yaƙi da tamowa suka soka.

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi

A yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara matsalar ita ce ƙarancin ƙwai a abincin yara, domin yana da tsada idan aka kwatanta da hatsi. A wasu yankunan Najeriya akwai kuma camfin cewa yaron da ya saba da ƙwai zai koyi sata. Wani gwaji a Ikwado da aka buga a 2017 ya nuna cewa ba jarirai ƙwai ɗaya a rana na wata shida ya rage tsumburewa da kashi 47 cikin 100, ko da yake irin wannan gwaji a Malawi bai nuna ƙarin tsawo ba. Saboda haka masana abinci ba sa ba da shawarar a maye gurbin ƙwan ƙaramin yaro da madadin sitaci.

Duk da haka, ƙasar Hausa tana da nata abincin tsiro da ke yin wasu ayyukan ƙwai ba tare da an kira shi madadi ba. Ƙullun ƙosai yana tashi idan aka buga shi saboda furotin ɗin wake yana riƙe iska, alala kuma tana daskarewa a tukunya ba tare da ƙwai ba. Awara, wadda ake yi ta hanyar daskarar da madarar waken soya da ruwan tsami ko tsamiya, ta bazu a arewacin Najeriya da kudancin Nijar bayan yaƙin wayar da kai kan amfanin waken soya da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinta suka yi daga shekarun 1980. A wasu garuruwa ana kiran ta ƙwai da ƙwai. Mata ne suka fi yin sana'arta, kuma masu sayenta suna cin ta ne don arha da daɗi. Sau da yawa ma ana tsoma ta a ruwan ƙwai kafin a soya.